Babur Ɗin Da Ruwa Ya Kawo Misfala

Taya ce fa! Wallahi tayar babur, ta leƙo daga cikin taɓo kamar kunnen tukunya, ni kuma ina tsaye da shebur a hannu har na manta abin da ya fito da ni. Sifanuna na fito nema. Ruwan nan da aka yi, wanda ya gangaro daga duwatsu har ya shiga Harami, duk abin da ya kwaso a garin Makka a unguwarmu Misfala ya sauke shi, don mu ne a gangare. Ya ɓalle ƙofar warshata, ɗan shagon da nake gyara a ciki, ya yi gaba da akwatin kayan aikina. Da ya janye kowa ya fito yana tonon nasa, wannan tabarma, wancan tukunya, ni sifana. Sai ga taya.

Na sa hannu na share, na bi ta har gindin inji. Ina taɓa silindar na san ɗan Ingila ne. Silinda ɗaya, a tsaye ƙyam, da faɗin kai kamar tulu. Ban huta ba sai da na tono shi duka, na ja shi a ƙasa kamar mushen jaki har ƙofar shago.

Af, ban ma gaya muku ko ni wane ne ba. Sunana Habu. Iyayena daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa, a Sudan aka haife ni wurin aikin auduga, Kawu Isa ƙanen mahaifiyata shi ya ƙaraso da ni Makka ina ƙarami. Shi wanki da guga yake yi. Ni kuwa da gyaran rishon mahajjata na fara, na koma keke, daga keke na faɗa wa babur, wanda mutanen nan suke ce wa dabbab. Ba wanda ya koya mini. Wa ma zai koya mini? Baturen da ya ƙera abin ba ya shiga garin nan, iyakarsa Jidda. In babur ɗinsa ya mutu a Makka, to ya mutu a inda ubansa ba zai zo gaisuwa ba, sai mu.

Samarin unguwa sukan zo su jingina da ƙofata su ce, ai gyaran babur kwance-ɗaura ne. To ku zo ku kwance. Na farkon da na taɓa na wani ɗan aiken mai saukar da alhazai ne, ya kawo shi yana tari. Na ari sifanun wani mai gyaran motocin Amurka, na ɗora a kan noti, na ja. Sifana ta zame. Na sake ja, ta sake zamewa, kafin in ankara kan notin ya zama kamar ƙwallon dabino. Ashe notin Ingila da nasa awon daban, ba ya shiga na Amurka, ba ya shiga na Jamus. Sai da na riƙa sayen tsofaffin sifanu ina zama da magagari ina gyara musu baki, kowace sai ta yi daidai da notinta. Su ne ruwa ya tafi da su. Wanda bai taɓa gogar bakin sifana har yatsunsa sun yi kanta ba, ba zai gane abin da na rasa ba.

Abu na biyu da sana'ar nan ta koya mini shi ne zato. Kawu kullum yana ce mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni kuwa na ce masa a warsha zato shi ne sifana ta farko. Mutum zai turo babur ya ce, "Wallahi jiya lafiya lau yake, ba wanda ya taɓa shi." Kada ka yi musu, sunkuya ka duba kan kusoshin kafireto, za ka ga sabon cizon filaya. Wani zai rantse banzin zalla ya zuba, wato fetur, kai dai buɗe tanki ka shinshina, kananzir zai gaishe ka. Wani ya faɗi a hanyar Arfa ya ce iska ce ta lanƙwasa kan. Ba mugunta ba ce duka, kunya ce ta fi yawa. Amma in ka yarda da bakin mai babur, ka bar yarda da babur ɗin, kwana za ka yi kana neman cuta a inda babu ita.

To mu koma kan wanda na tono. Ina cikin watsa masa ruwa Kawu ya zo, da dutsen guga a hannu, shi ma daga taɓo ya ciro shi. Ya tsaya ya dubi babur, ya dube ni.

"Kai Habu, na wane ne?"

"Na ruwa ne, Kawu."

"Ruwa ba ya sayen babur. Wanke hannunka mu je wurin Umda."

Umda shi ne mai unguwa a nan. Dattijo ne ɗan asalin garin, bayan la'asar yakan zauna a kan dogon bencinsa a bakin hanya, kowa ya kawo ƙararsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ya waladi, na ji a garinku in mutum ya yi tsintuwa ya yi cigiya shekara guda ba a zo ba, yana iya amfani da ita. Nan Harami ne. Tsintuwar Makka ba ta zama ta mutum, ko zai tsufa da ita. Wanda ya ɗauka ya ɗauki cigiya har mai ita ya zo."

Na ce, "Ya ammi, in aka bar shi da taɓon nan tsatsa za ta cinye shi."

Ya ce, "Gyara kiyaye amana ne. Hawa cin amana ne. Ka ajiye, ka gyara, ka yi cigiya. Wanda ya zo ya faɗi alamominsa daidai ka ba shi. In ka hana mai shi, kai ɓarawo ne a cikin Harami. In ka ba wanda ba nasa ba, mai shi ya zo daga baya, wuyanka."

Da muka koma, Kawu ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Amanar za ka gyara, ko kwaɗayinka?" Na ce duka ai babur ɗaya ne.

Fistin ne ya fara ba ni wuya. Ruwa ya shiga silinda ya kwana, tsatsa ta ɗaure fistin ɗin tamau. Mai gaggawa guduma zai ɗauka, ya fasa, ya zauna yana kuka, don ba inda zai sami wani. Ni kananzir na cika masa na rufe. Kullum da safe in ɗora guntun icce a kai in ɗan buga, in ƙara kananzir, in tafi harkata. Har na fara cire rai. Ran nan na buga na ji ya amsa da wata murya daban, ya motsa kamar faɗin farce. Na fito titi da gudu ina ihu, mutane suka zaci wani ruwan ne ya taho.

Maganeto kuwa, abin da ke ba da wutar fulogi, laima ce ajalinsa. Ranar Makka da take narka kwalta ta kasa busar da cikinsa. Sai na kai wa mai gasa burodin tamis na unguwarmu, na roƙe shi ya ajiye mini a bayan tanderu inda zafin yake kaɗan kaɗan. Ya yi ta kallona, ya zaci wani asirin Takari ne. Da na ɗauko na juya shi da hannu, na riƙe wayar da yatsa don in gwada. Ya Salam! Har ƙeyata na ji ta. Ban taɓa murna da azaba irin ta ranar ba.

Kuloci da toshiyar kwalba yake aiki, ƙanana ƙanana a jere cikin faranti, kuma duk sun ruɓe. Na bi gidajen saukar alhazai ina tara murafan filas da aka yar, na jiƙa su a ruwan zafi, na yanka, na cusa, na goge a kan samfefa har suka yi daidai. Gaskit da kwalin ganyen shayi na yi shi, a ɗora a kan bakin ƙarfen a riƙa bi da ƙaramar guduma har ya yanke kansa. Sirdi kuwa wani baduku ɗan Zinder ya rufe mini da fatar ragon hadaya. Ringi ne kawai ba dabara, sai da na je kasuwar gwanjo ta Jidda. Nan ma a yi hattara. Akwai masu goge tsohon ringi su shafa masa mai, su naɗe a takarda mai rubutun Turanci, su ce yanzu aka sauke daga jirgi. Da silindar na tafi a cikin buhu, duk wanda aka miƙo mini sai na zura shi na ɗaga wa rana. In haske ya ratsa, mayar masa da kayansa.

Ranar da ya tashi, a kan jakinsa yake, wato ƙarfen da yake tsayuwa a kai, cikin shago. Na danna ɗan maɓallin kafireto har fetur ya jiƙa mini yatsa, na ja lokacin wuta baya don kada ya harbe ni, na lallaɓa kik har fistin ya wuce kai, sannan na sakar masa nauyina duka. Dum. Dum. Dum-dum-dum. Kamar ƙaƙƙarfar mace tana daka a babban turmi, kana iya ƙirga kowace taɓarya. Kawu ya leƙo, ya dubi ƙafafuna ya ga ko sun taka titi, ya koma.

Ba su taka ba. Kullum sai in tayar da shi ya yi ɗumi, in goge man da ya ɗiga, in kashe. Da yamma in tafi teburin Adamu mai shayi in ba da labarin abin da na gyara a ranar, don abu irin wannan ba ya zama a ciki.

Shekarar kuwa ba ta yi kyau ba. Waɗanda ruwa ya kashe wa babura da yawa ba su kawo gyara ba, sai suka sayi ƙananan nan 'yan Japan da suka fara shigowa, masu kuka kamar sauro, ba ɗigar mai, ba harbin kik. Wanda nake yi wa gyara tun da na fara sana'ar sai ya wuce ta ƙofata a kan sabon nasa, ya ɗaga mini hannu kamar mai gaisuwar mutuwa. Na koma gyaran risho. Babban abin da ke cikin shagon nan duka, ba nawa ba ne.

Cigiya kuma ina yi. Ƙofar masallacin unguwa, tashar motocin Kudai, Jarwal, ko'ina: "Wa ya ɓatar da dabbab a ruwa?" Kawu ya ce muryata ba ta fita sosai, wai in ina tallan gyaran risho har Dutsen Abu Ƙubaisi ana ji. Masu zuwa kuma suka yi ta zuwa. Ina jin sallama sai in ja buhu in rufe babur ɗin tukuna. Wani ya ce nasa ja ne. Na ce Allah ya bayyana. Wani ya ce silinda biyu. Allah ya bayyana. Wani da na tambaye shi alama sai ya ce, "To kai wace iri ka gani?" Na ce na ga ƙofa, ga ta nan bayanka.

Sai wani mutum ya fara zama a teburin Adamu. Fari tas da jallabiya mai guga, da agogo, da turare. Ba ɗan unguwa ba ne. Ba ya magana, sai ya sayi shayi ya saya wa na kusa da shi. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Na ce wa Adamu, mutumin nan ko ɗan leƙen asirin masu duba takardun zama ne? Adamu ya ce ko ma wane ne yana biya. Ya yi kwanaki yana zuwa, sai ya ɓace.

Ran nan da hantsi ga shi a ƙofar warsha, da fara'a har kunne.

"Salamu alaikum, usɗa. Sannu da aiki, ƙanena. Ni ne Alhaji Tanko, daga Kudai."

A garin nan kowa Alhaji ne, sai ka nemi wata shaidar. Kuma duk wanda ya kira ni usɗa, wato babban makaniki, alhali gemuna bai gama fitowa ba, akwai abin da yake so. Na ja buhu na rufe.

Ya ce, "Ba sai ka rufe ba, na san kayana. Ina Madina aka yi ruwan, rashin lafiya ta riƙe ni. Mu haɗu wurin Umda bayan la'asar."

Na turo babur ɗin a lulluɓe har gaban bencin Umda. Kawu ya biyo ni, Adamu ya bar teburinsa, jama'a suka taru. Alhaji Tanko ya juya wa babur baya don kowa ya shaida, ya fara. Silinda ɗaya. Tanki baƙi, da lotsawa a gefen hagu kamar tafin hannu. In an kankare baƙin, koren fentin soja ne a ƙasa. Jakin baya an taɓa yi masa walda. Akwai noti ɗaya na tagulla a wuyan babur ɗin wanda ba nasa ba ne. Gilashin agogon gudu ya tsage ta ƙasa. Kowace ya faɗa, Umda ya ɗaga buhu ya duba, ya ce, "Sahih." Ba ɗaya da ya kuskure.

Na ce, "Ya ammi, mutumin nan kwanaki yana zaune a unguwar nan bai ce nasa ba ne."

Alhaji Tanko ya ce, "Ina so in ga ko hannun kirki kayana suka faɗa. Alhamdu lillahi, yaro ya yi ƙoƙari, zan ba shi tukuici."

Kawu ya matse mini hannu. "Rufe bakinka. Ya faɗi alama ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa."

"To sake."

Na sake. Me zan yi? In na riƙe, ni ne ɓarawo a gaban unguwa. Alhaji Tanko ya ɗaga hannu, sai ga amalanken jaki ya matso, ashe ya zo da shi tun ɗazu. Na ce, "Alhaji, babur mai rai ne fa, jaki na mene ne?" Umda ma abin ya ba shi dariya. Ya ce, "Ya Hajj, hau kayanka mana, mu ma mu ga aikin yaron nan da ya cika mana kunne." Jama'a suka ɗauka, a hau, a hau. Alhaji Tanko ya ce ai shi kullum a kan babur yake, gwiwa ce dai take damunsa, in tayar masa.

Na tayar. Dum-dum-dum. Ya naɗe jallabiya ya zauna, aka ture shi daga jaki, ya matse kuloci. Sai na ga ƙafarsa ta hagu tana danna feda. Ya danna, ya sake dannawa, yana murɗa mai, inji yana ruri, babur ko motsi. Ya ce, "Kai, ka lalata mini giya!"

Ku da ba ku sani ba, ɗan Ingila giyarsa a dama take, birkin ƙafa a hagu. 'Yan Japan ɗin nan su ne suka zo da nasu a juye. Kai yana iya manta launin tanki, amma ƙafar da ta yi shekaru a kan babur ba ta manta inda birkinta yake, ko daga barci aka tashe ta. Mutumin nan birki yake dannawa yana neman giya.

Kafin in buɗe baki ya ɗage ƙafar, babur ya fara silalewa, don titin gangare ne. Sai ya kai ƙafar dama zai taka birki irin na babur ɗinsa na gida. Ƙwas! Giya ta shiga. Ya firgita ya saki kuloci. Jama'a, babur ya yi tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance! Yana ta dannan dama, birki yana hagu yana jiransa, hannunsa kuma ya ƙanƙame mai. Hularsa ta tsaya a inda ya baro ta. Bai tsaya ba sai cikin tulin kankanar wani bawan Allah da ke kasawa a ƙasan titi.

Kowa ya ruga wurin Alhaji, ni na ruga wurin babur. Fitila ta fashe, kan ya karkace, sirdin fatar nan ya yage. Shi kuwa ba abin da ya same shi sai jallabiyar da ta koma ja. Ya tashi yana kakkaɓe 'ya'yan kankana, yana cewa ai dama na wansa ne, shi ya aiko shi. Umda ya ce, "Tayyib. Biya mai kankana, ka je ka zo da wan naka." Har yau muna jiran wan.

Ni na zaci magana ta ƙare, har na fara tura babur. Umda ya ce in tsaya. Fuskarsa ba dariya yanzu.

"Mutumin nan bai taɓa hawa babur ɗin nan ba. A ina ya sami alamomin?"

Na ce ni ma abin da nake tambaya ke nan, lallai akwai munafukin da ke leƙa mini shago. Adamu mai shayi ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Umda ya kira mai kankana, mutumin da ko keke bai iya ba, ya ce, "Me ke ƙarƙashin baƙin fentin nan?"

"Koren soja, ya Umda."

"Notin wuya fa?"

"Na tagulla. Ai Habu ya gaya mana. Har matata ta sani."

Kawu ya ce, "Ga munafukin nan a tsakanin haƙoranka. An ce ka yi cigiya, kai kuma ka yi ta raba alamomi a kan kofin shayi."

Ni dai har yanzu ban ga yadda mutum zai ciro fistin daga tsatsa ya yi shiru ba. Amma Umda bai tsaya jin wannan ba. Ya ce tunda alama ta zama ta kowa, gobe wani zai zo wanda ƙafarsa ta san dama da hagu, kuma ba yadda za a yi a hana shi. Gara a kai babur ɗin ɗakin ajiyarsa a sa kwaɗo. Na san ɗakin nan, ruwan ma ya shige shi, har yanzu bangonsa yana gumi. Wata biyu a ciki, duk wahalata ta koma taɓo.

Na ce, "Ya ammi, saura ɗaya. Akwai wani gyara a can cikin inji, ba na kamfani ba ne, hannu ne ya yi shi. Mai babur ɗin dole ya san da shi, don ba ƙaramar ɓarna ce ta jawo shi ba. Ban gaya wa kowa ba."

Adamu ya ce, "Kai? Ƙarya ne. Me ya hana ka?"

Na sunkuya ina goge tanki. Kawu ya ce in ba da amsa, manya suna jira.

Na ce, "Wanda ya yi gyaran ya fi ni hannu."

Sai da Umda ya share hawaye don dariya. Ya ce kada in gaya wa kowa, har shi kansa, don shi ma yana shan shayi. Amma ya ce cigiyar tawa ba ta kai inda ya kamata, ga shi macuta sun ji, mai kaya bai ji ba. Nan Kawu, wanda tun ranar farko yake gadin ƙafafuna, ya gyara murya.

"Ya Umda, mai jaki ya san kukan jakinsa ko a cikin garke. Abin nan a rufe yake cikin buhu, wa zai ji shi? Ya fita da shi mana. Ya bi gari a hankali yana cigiya, kukan ya yi rabi, bakinsa ya yi rabi. Bakin nan dai ba ya gajiya."

Umda ya yi tunani, ya ce, "Hawan cigiya kawai. Ba aike, ba yawo, ba ɗaukar kowa. Duk inda ka ga mutum uku tsaye, ka tsaya ka yi kira. In na ji ka wuce jama'a da bakinka a rufe, kwaɗo."

Haka nake yi har yau. Na gyara fitila, na miƙe kan, baduku ya ɗinke sirdi. Ranar Juma'a bayan an sauko in bi Misfala in fita Kudai, lokacin aikin hajji kuma har Mina da Arfa, cikin tantunan mutanenmu da na Sudan da na Cadi. Kun san yadda yake a buɗaɗɗiyar hanyar Arfa da sassafe, ka sa giyar ƙarshe, taɓaryar nan tana sauka ɗaya bayan ɗaya, duwatsu suna mayar maka da ita? To daidai lokacin da ya fara daɗi sai ka hango mutum uku a gindin inuwa. Dole ka taka hagu, ka tsaya, ka kira wanda zai zo ya raba ka da shi. Duk wanda ya juyo da sauri in ya ji kukan, sai na ƙare masa kallo tun daga fuska har ƙafa. Kawu kuma in na dawo tambayarsa ɗaya ce, "Da ƙarfi ka yi, ko a cikin hula?"

To ku fa, masu 'yan Ingila a Kano da Jos da Fallomi ta Cadi da Hartum? Yaya kuke yi da maganeto in ya sha ruwa? Da me kuke yin kuloci a wurinku? Akwai wanda aka taɓa zo masa da alamomi daidai, amma jikinsa ya ƙi yarda? Ku ba alhazan garinku labari su kawo mini, su tambayi Habu mai dabbab a Misfala, ba wanda bai san ni ba. In kuwa a cikinku akwai wanda ruwan Makka ya raba da babur ɗinsa, ko ya san wanda aka raba, ga shi nan lafiya lau, ya fi yadda ka bar shi. Ka zo ka gaya mini abin da ke cikin injin, ka gaya mini wanda ya yi gyaran, don ina da tambayoyin da zan yi masa. Amma kada ka zo mini da launin tanki. Wannan ko matar mai kankana ta sani.